Dundumi a Shekarar Birebe

Bana ma zafi ya ƙi sakinmu da wuri. Tun kafin azahar bangon ɗaki yake ɗaukar wuta, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ɗauke daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Jikata Mariyama ce ke shirin birebe, jarrabawar nan ta ƙarshen kwaleji da ɗaliban ƙasar duka suke zaunawa lokaci guda. Jiya da magariba na same ta a tsakar gida da kaye, littafin rubutunta, a cinya, tana karatu da ɗan hasken da ya rage a sama, ba fitila ba komai. Na tsaya ina kallon yadda idonta ke bin layi ba wahala, har ta tsargu ta ce, "Tsoho, mi kake kallo haka?" Na ce ba komai. A shekarar da na yi tawa birebe, idan rana ta kai nan, ko tafin hannuna ba na gani.

Shekarar fari ce, wadda sojoji suka karɓi mulki a cikinta. Ni ɗan wani ƙauye ne a Adar, ƙasar albasa. Da na ci jarrabawar shiga kwaleji aka turo ni Yamai, mahaifina ya damƙa ni ga Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai sayar da yadi, wanda suka san juna tun suna samari a wajen fatauci. Gidansa yana unguwar Bukoki. Ina ce masa Baba, ina ce wa matarsa Inna, sunanta Rabi. Ɗansu Lawali ajinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya, amma halinmu ya yi hannun riga. Shi idan ya shigo gida tun daga zaure ake jin muryarsa. Ni kuwa sai in wuni ban ce uffan ba, in dai akwai littafi kusa. Kayena ba ka samun ɗigon tawada ko gogewa a ciki. Lawali ba ya kirana da sunana, Haruna. Ba'adare mai albasa yake ce mini, ko kuma Liman.

Damina ta riga ta gaza shekara da shekara kafin wannan, amma ranin wannan shekarar ya fi kowanne. Gulbin da ya ratsa Yamai ya janye har ta wajen Saga yara suna ratsa wasu wurare da ƙafa, gonakin shinkafa sun tsattsage kamar dunduniyar tsoho. Iska idan ta taso da rana sai ka ce daga bakin murhu ta fito. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, wasu a bayan kamiyo, manyan motocin kaya, wasu da ƙafa, da tabarmi da ƙwarya da yaran da ba sa ma iya kuka. Aka kafa musu bukkoki da tantuna a Lazare, can gefen gari. Waɗanda ke da dangi a gari kuwa suka faɗa gidajen dangi. Gidanmu ya cika da 'yan'uwan Baba daga ƙauyukan Dakoro. Aka ba mata ɗakinmu, ni da Lawali muka koma zaure da kayenmu da tabarmarmu.

Da asuba, bayan salla, mu ke zuwa pampo da garwa. Layin ya riga ya yi tsawo ko da wane lokaci ka je, ruwan kuma yana zuba siriri kamar ana roƙonsa. Mu dawo mu sha kunu, wanda kullum yake ƙara tsinkewa, mu tafi lakwal, wato makaranta. Da rana babu girki, sai abin da ya kwana idan ya kwana. Da la'asar mata su hau daka. Gero ya ɓace daga gidan tun sanyi, abin da ake samu jar dawa ce ta taimako, mai tauri, mai warin buhu, wadda ake raɗe-raɗin cewa a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Sai an surfa an sake surfawa, hannun matan duk ya yi kanta. Tuwonta ja ne kamar ƙasar gini, miyar kuwa kuka ce da gishiri, ba mai ba nama. Mangwaro ya zo ya wuce bai leƙo gidanmu ba. Ko kopto, ganyen nan da matan Zabarmawa ke tallarsa a ko'ina, ya zama abin nema.

Maza da samari tire ɗaya muke ci. A gidanmu na ƙauye an koya mini cewa ɗan da ke zaune a gidan wani shi ke fara tsame hannu. Da can wannan bai cutar da ni ba, domin akwai fura da rana, akwai ɗan abin taɓawa. Yanzu hannaye sun ƙaru, tuwo ya ragu, amma ban canza ba. In yi loma kaɗan daga gefen da miya ba ta kai ba, in ce alhamdu lillahi, in tashi. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, "Haruna, har ka ƙoshi?" In ce na ƙoshi, Inna. Ita kanta na sha ganinta tana kankare ƙanzon tukunya bayan kowa ya watse. Amma idan maƙwabta suka zo jaje, abin da take faɗa da ɗaga kai shi ne, "Mu dai alhamdu lillahi, ba wanda ke kwana da yunwa a gidan nan." Wannan maganar ita ce abin da ya rage mata na ado a shekarar.

Cikin wannan hali wani direban kamiyo ɗan garinmu ya biyo da saƙon mahaifina. A ƙofar gida ya tsaya, bai ko zauna ba. Ya ce, "Babanka ya ce shanu sun ƙare, har da jar saniyar nan taka. Ya ce rumbu ba komai, 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa suna ci. Ya ce ka riƙe karatunka da hannu biyu, kada ka yi tunanin dawowa, ba abin da za ka tarar." Na gane abin da saƙon ke nufi. Wanda ya ci birebe gwamnati kan tura shi lise, makarantar gaba da kwaleji, inda ake kwana ake ci, bakinsa ya fita daga tukunyar kowa. Wanda ya faɗi, idan shekarunsa sun kai nawa, ba a ba shi damar maimaita aji. An sa ni lakwal a makare, saboda haka zama ɗaya nake da shi.

Wata safiya muka tashi rediyon Baba ba ya komai sai kiɗan soja. Aka ce an yi juyin mulki. Motocin sojoji suka cika manyan hanyoyi, aka sa dokar hana fita da dare. Manya suka rage murya idan suna hira, ko a cikin zaure. Bayan 'yan kwanaki aka fara buɗe ma'ajiyoyi ana raba hatsi a unguwanni, soja na tsaye da bindiga a kan layi. Wanda ya yi gardama ko ya tsallake wani, sai a sa shi tsallen kwaɗo a rana, ko da furfura a kansa. Muka koyi cewa idan soja ya tsaya a hanyarka, kai ne za ka kewaye.

A wajen wannan lokacin abin ya fara mini. Mun fito daga sallar magariba, na duƙa neman takalmina a ƙofar masallaci, sai na ga ba takalma, ba ƙasa, sai baƙi kawai. Ina jin mutane suna saka nasu suna wucewa. Na yi ta laluba har aka watse, na ɗauki wanda ya rage. Washegari da safe ido garau. Da magariba ta sake yi, duhun ya sake rufe ni tun kafin ya rufe kowa. A rana ta uku na yi ƙwallo da butar Baba a tsakar gida, ruwan da muka sha wuyar ɗebowa ya bi ƙasa.

"Liman ya fara tafiya ido rufe saboda tsoron Allah," in ji Lawali. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Na san sunan ciwon. Dundumi ne. Na gan shi a ƙauye ga yara da mata masu ciki a ƙarshen rani, kuma na san abin da ake faɗa a kan gidan da ya ɓulla: ba a cin miyar kirki a gidan. In na buɗe baki, na tsaya ke nan a tsakar gidan Inna na ƙaryata ta a gaban dangin mijinta. Ga kuma wani abu. A layinmu akwai ɗan makarantar da ya kwanta ciwo, mai masaukinsa ya ce ba zai iya da amanar ɗan mutane ba, ya sa shi a mota zuwa garinsu ana saura kaɗan jarrabawa. Sai na yi shiru, na zauna na tsara yadda zan zauna da abin.

Takalmina na riƙa ajiye su wuri guda, gindin wani dutse a gefen ƙofar masallaci. Daga masallaci zuwa gida na riƙa bin bango da yatsa, kamar mai tunani. Karatu kuwa na mayar da shi duka cikin rana. A layin pampo ina da kaye a hannu, a layin dawa ina da kaye a hannu, zufa na ɗiga daga haɓata ina kare takarda da gefen riga. Abin da na karanta da rana, idan duhu ya rufe ni sai in zauna a zaure in maimaita shi a zuci, kogunan duniya, shekarun yaƙe-yaƙe, ƙa'idojin lissafi, ɗaya bayan ɗaya har in ji sun zauna. Har na koyi rubutu ba tare da gani ba: in ɗora regil, wato rula, a takarda, in bi gefensa da bik, wato biro, in sauke shi faɗin yatsa, in ci gaba. Da safe in duba, in gyara inda ya karkace.

Lawali da abokansa sukan ɗauki kayensu bayan magariba su tafi gindin fitilar babbar hanya kafin lokacin dokar ya yi.

"Taso mu je, Ba'adare."

"Ku je, na gama nawa."

"Ka ji shi! Ya gama. Mu ne jakunan da ba mu gama ba. Wallahi girman kanka ya fi albasar garinku yaji."

Maganar ta yi mini zafi, amma na haɗiye. Ina ce wa kaina, jarrabawa da rana ake yi, rana kuwa a shekarar nan ba abin da muke da shi da ya fi ta yawa.

Watan da ya kamata ruwa ya sauka ya kama, sama fari fat. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, an juya riguna bai-bai, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ni ma na je. Na roƙa da dukan zuciyata, ina tuna gonar mahaifina da jar saniyata. Hadari yakan haɗu da yamma can gabas, a yi ta kallonsa, iska ta zo ta watsa shi.

Ranar jarrabawa Inna ta dama mana kunu mai kauri irin wanda muka manta, ta tofa mana addu'a a ka. A wata makaranta aka kai mu, ba tamu ba. Sojoji ne suka kawo takardun tambaya a mota, kuma a bakin kowane aji akwai soja guda a tsaye. An manna wa kowane tebur lamba. Nawa ya faɗo a layin ƙarshe, cikin kusurwa, nesa da ƙofa. Lawali yana gaba, ajinmu ɗaya. Mai tsaronmu wata malama ce doguwa, Bazabarma, da tabarau, ba mu taɓa ganinta ba, Madam kawai muke ce mata. Kafin a fara ta ce, "Wanda ya juya kai, waje. Wanda ya buɗe baki, waje. Wanda ya tashi daga wurinsa, waje, kuma sai baɗi, in yana da baɗi."

Da safe aka yi Faransanci, na fito raina fari. Da rana aka raba lissafi, fannin da ya fi kowanne nauyin maki. Na karanta tambayoyin na ji sanyi a zuciya, domin duk na san hanyarsu. Na gama lissafi na farko, na ɗauki kompa na zana da'irar na biyu.

Sai na ji iskar da ke shigowa ta taga ta tsaya cak. Zufa ta karyo wa kowa. Can kuma wani ƙamshi ya shigo, wanda hancina ya gane kafin kaina ya gane: ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga nesa. Na saci kallon taga. Gabas ta yi ja, jan ya taso kamar bango har sama, yana tahowa. Tagogin ƙarfe suka fara bugawa, takardu suka tashi, Madam ta ce wa na kusa da taga su rufe. Aka rufe su duka. Ƙofa kawai aka bari, sojan kuma ya ja da baya ya tsaya a cikinta don ya fake. Ajin ba shi da kuran. Jan ya koma baƙi, sa'an nan ruwa ya sauko a kan kwanon rufi da ƙarar da ban taɓa jin irinta ba.

Wani ya ce "Ruwa!" da ƙarfi, ya manta da doka. Madam ba ta kore shi ba. Na ji ana sheƙar dariya ƙasa-ƙasa, wata yarinya tana kuka. Daga nan kowa ya sunkuya kusa da takardarsa ya ci gaba, domin ga mai lafiyar ido duhun bai kai ya hana rubutu ba.

Ni kuwa takardata ta ɓace. Na kawo ta har ta taɓa hancina, ba komai. Na murza ido, na rufe na buɗe. Na lalubo regil na ɗora, amma wannan ba rubutun layi ba ne. Da'ira ce da layuka da ke ratsa ta, dole in ga inda suka haɗu. Na ce bari in jira, hadari ne, zai wuce. Na zauna da kompa a hannu ina jin motsin na kusa da ni yana ta rubutu. Ruwan da na fita bayan gari na roƙa, ga shi ya zo, bai kuma nuna alamar tafiya ba. Madam ta ɗaga murya ta ce rabin lokaci ya wuce.

Na ɗaga hannu. Ban san ko ta gani ba, tunda ni ba na ganinta. Na riƙe shi a sama har ya yi tsami. Ba wanda ya zo. Na ce "Madam," muryata ko ni ban ji ta ba saboda ƙarar ruwa a kwanon rufi. Na tuna Inna da ɗaga kanta, na tuna Lawali yana nan gaba zai ji. Na tuna direban nan a ƙofar gida yana cewa ba abin da zan tarar. Ni da ko a aji idan malam ya kira sunana sai gabana ya faɗi, na miƙe tsaye, na buɗe baki iyakar ƙarfina.

"Madam! Ba na gani!"

Na ji takunta har gabana.

"Wa ya ce ka tashi? Kowa a duhun nan yake."

"Nawa ba irin nasu ba ne, Madam. Dundumi gare ni."

Wani ya yi dariya a tsakiyar aji. Madam ta matso kusa. Na ji iskar hannunta tana wucewa a gaban fuskata, ban ƙifta ba. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ba ni da ikon canza maka tebur. Lambarka a nan take."

"Ba sai an canza ba, Madam. Zan ɗauke shi da lambarsa."

Ban jira amsa ba, don kada ta zama a'a. Na tura takardu da kompa cikin riga, na rungumi teburin, na nufi inda nake ganin ɗan fari-fari. Na buge gwiwar wani, na taka ƙafar wata. Sai na ji an kama ɗaya gefen teburin ana ja, ashe Madam ce. Muka dire shi a bakin ƙofa. Na shimfiɗa takarda. Har yanzu ba na ganin layi, domin sojan ya cika ƙofar, shi da bindigarsa da faɗin kafaɗarsa. Na jira Madam ta yi masa magana. Ba ta yi ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na ɗaga kai na ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ka tare mini haske."

Ban ga fuskarsa ba, inuwa kawai nake gani. Inuwar ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta juya, ta fita baranda inda ruwa ke feshi, haske ya faɗo a kan teburina, toka-toka, amma ya isa. Ga da'irata, ga layukana.

"To rubuta, ɗan lakwal," in ji shi daga waje.

Na rubuta. Iska na watso ruwa, na kare takarda da hannun hagu da kafaɗa, bayana ya jiƙe sharkaf. Tawada ta yi ta nashewa, ni da ban taɓa miƙa aiki da ɗigo ba. Na gama na biyu, na gama na uku, na huɗu ina tsakiyarsa Madam ta ce a ajiye bik. Da ta zo karɓar tawa ta riƙe ta da yatsu biyu tana kaɗawa ta sha iska.

Da muka fito ruwan ya tsagaita. Bukoki ta zama kogi, yara tsirara suna ta tsalle a cikin jan ruwa, mata sun jera kwanoni da tukwane ƙarƙashin indararo suna guɗa. Lawali yana gefena bai yi magana ba, abin da ban taɓa gani ba. Yamma ta yi, ga gajimare, hanya ta fara ɓace mini. Na miƙa hannu neman bango, sai na ji ya damƙe wuyan hannuna.

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin da na zubar da butar Baba."

"Kai jaki ne, wallahi tallahi. Ni ina can ina zaginka da girman kai, ashe makaho nake zagi. Ɗaga ƙafa, rami ne."

"Don Allah kada ka gaya wa Inna."

"To," in ji shi.

Ko sallama bai gama ba a zaure ya ɗaga murya: "Inna! Haruna dundumi gare shi, ya faɗa gaban duniya duka, har ya kori soja!"

Na ji ƙarar kwano ya dire a ƙasa. Inna ta ce, "Zo nan, Haruna." Na bi muryarta. Ta ce, "Karɓi wannan." Na miƙa hannu, na kama iska. Ludayi ne take riƙe da shi, a gefe guda, daga baya aka gaya mini. Na ji ta zauna a kan turmi.

"A gidana," ta ce. Ta sake cewa, "A gidana."

"Inna, ki yi haƙuri, ba don..."

"Rufe mini baki! Da ka rufe shi wata da watanni, yanzu ne za ka buɗe? Kullum in tambaye ka, ka ce ka ƙoshi. Ni ka mayar baƙuwa, ko kai ne baƙon? Hanta ce fa maganin abin nan. Hanta! A shekarar da mahauta ke bin mutane suna roƙo a ɗauki nama, don dabbobi na mutuwa a hannunsu. Ni duk hankalina na kan hatsi, in cika muku ciki. Da ka ce mini uffan!"

Ta ja mayafi ta fita cikin taɓo, ba ta aiki kowa ba. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ji komai. Na tsaya ina jiran maganar mota da garinmu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Gobe wane fanni ne?" Na ce tarihi da kimiyya. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Cire rigar nan, ta jiƙe."

Inna ta dawo da hanta a ƙunshe cikin takarda. Ta gasa ta a kan garwashi, ƙamshin ya cika gidan da ya manta ƙamshin nama. Ta ajiye a gabana ni kaɗai, a tsakiyar tsakar gida, kowa na kallo.

"Ci. In ka ce mini ka ƙoshi, sai na fasa maka ludayin nan a ka."

Na ci, kunya kamar ta kashe ni, daɗi kuma kamar in yi kuka. Ban gama ba ta tara yaran baƙinmu, ta riƙa miƙa wa kowane ludayin a duhu. Biyu daga cikinsu suka kama iska kamar yadda na kama. Uwayensu sun sani, su ma sun yi shiru don kada su ƙara wa matar gida nauyi. Inna ta raba sauran hantar, tana faɗa tana share ido da bakin zane. Daga ranar ban sake jin ta yi wa maƙwabta maganar nan ta kwana da yunwa ba. Abin da ta koma yi shi ne tsayawa a kan tire har sai ta ga abin da kowa ya ci.

Sauran jarrabawar an yi ta cikin rana tas. Kafin mako ya zagayo na fito daga masallaci da magariba na ga takalmina a gindin dutse, na ga dutsen, na ga har tururuwar da ke bin gefensa.

Ranar sakamako aka tara mu a filin makarantar, ciyawa ta fara tsirowa a inda da ƙura ce. Wani babban malami ya hau tebur yana kiran sunayen waɗanda suka ci. Malamanmu sun sa ran zan fito cikin na farko-farko. Ban fito ba, lissafin nan ya ja ni baya. Amma sunana ya fito. Na Lawali ma ya fito, can ƙarshe, ya yi ihu har soja ya waiwayo. Na aika wa mahaifina ta bakin direban nan. Amsar da ya dawo da ita gajera ce: ya ji, ya gode wa Allah, kuma geron da suka shuka da irin da aka raba ya kai gwiwa.

Tun da na yi gidan kaina ban rasa ɗan ƙauye da ke zaune wurina yana lakwal ba. Ba na tambayarsu ko sun ƙoshi, na san amsar. Abin da nake yi, lokaci-lokaci da magariba sai in saki makullina a ƙasa kusa da yaro, in ce ya miƙo mini. Kuma duk makon jarrabawa ana gasa hanta a gidan nan, ko ana fari ko ba a yi.

Jiya ma, da Mariyama ta koma kan kayenta, na saki makullin a gefen tabarmarta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta sa yatsan ƙafa ta turo mini shi.

"Ina gani, tsoho," ta ce. "Amma hantar dai a sayo."